Kyanwa A Ɗaka, Baƙi A Hanya: Shirin Da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Yi

 

A wannan fitowa zan yi bayani ne a kan wata tambaya da ba a cika yi mana ita cikin taro ba lokacin laccar awo, sai an shiga ɗakin gwaji an ja labule. Tambayar kuwa ita ce ta kyanwa, ko mage, wadda mu a nan Sakkwato muka fi sani da mussa.

Kwanakin baya wata baiwar Allah daga Ƙofar Taramniya ta zo awo da ciki wata bakwai. Na gwada jininta, na saurari bugun zuciyar ɗan, komai lafiya lau, amma na ga ba ta da niyyar tashi. Na ce, "Ƙanwata, da saura?" Ta ce, "Sista, maganar mussata ce."

Ashe gwaggonta ce za ta zo daga ƙauye ta yi mata zaman jego, kamar yadda ta yi wa yayyenta. Gwaggon tana da ciwon asma. Zuwanta na ƙarshe gidan, tun da yamma ta fara atishawa, ido ya yi ja, cikin dare kuma ta kwana zaune tana jan numfashi da ƙyar. Gari na wayewa ta ɗaure kayanta, ta ce ita da kwana a gidan sai ran da aka raba shi da mussa. Maigida ya ce ai abu ne mai sauƙi, a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Ita kuwa matar shekara huɗu ke nan tana tare da kyanwar, kuma tun zuwanta ɓera bai sake yi musu ɓarna a ɗakin hatsi ba. Ga shi maƙwabta sun ƙara mata tsoro, wai kyanwa tana sa ɓari.

Amsar da na ba ta ita zan ba ku: a mafi yawan gidaje ba sai an zaɓi ɗaya tsakanin gwaggo da kyanwa ba. Abin da ake buƙata shi ne a raba musu wuri, kuma a fara shirin tun haihuwa tana saura wata biyu ko uku.

ME KE SA WASU ATISHAWA IN SUN SHIGA GIDA MAI KYANWA?

Mutane da yawa sun ɗauka gashin kyanwa ne ke shiga hanci ko maƙogwaro ya kawo ciwo. Gashin ɗan aike ne kawai. Abin da ke tayar da jikin mutum wani sinadari ne da ke fita daga yawun kyanwa da maiƙon fatarta, masana suna kiran sa Fel d 1. Kun san kyanwa da yawan lasar jiki. Idan ta lashe, yawun ya bushe, sai sinadarin ya bi iska tare da ɗan garin fata da ido ba ya gani, ya manne a labule, kafet, katifa, kujerun kushin da tufafi.

Yawancinmu muna shaƙar sa ba mu ma sani ba. Amma akwai waɗanda jikinsu ke ɗaukar sa a matsayin abokin gaba, ya tashi yaƙi da shi. Wannan shi ne alaji. Alamunsa su ne atishawa a jere, yoyon hanci ko toshewarsa, ƙaiƙayin ido da hawaye, wani lokaci da borin jini a inda kyanwar ta goga ko ta lasa. Ga mai asma kuwa abin yakan sauka ƙirji: tari, nauyin ƙirji, da numfashi mai ƙara kamar ana busa usur. Na hanci da ido kan fito cikin 'yan mintoci, amma na ƙirji yana iya jinkiri na wasu awoyi. Shi ya sa za ku ga baƙuwa ta wuni lafiya, sai tsakar dare abin ya taso mata.

Alaji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba raki ba ne ko ƙyamar gidan mutane. Haka nan kyanwa ba ta sa tarin fuka. Tibi ƙwayar cuta ce daban, wadda galibi ake ɗauka daga tarin mai ita. Babu kuma wata irin kyanwa da ba ta fitar da wannan sinadari, fara ce ko baƙa, mai dogon gashi ko gajere. Sai dai muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba ya fi fitar da shi da yawa.

DON ME KORAR KYANWA RANAR SUNA BA TA MAGANI?

Saboda kyanwa tana fita ta bar sinadarin a ɗaka. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 1989 ya bi gidajen da aka fitar da kyanwa, ana auna ƙurar ɗakunan. An ga cewa a gidaje da dama sai bayan mako 20 zuwa 24 sinadarin ya sauka daidai da na gidan da ba a kiwon kyanwa, wato wata biyar zuwa shida. A gidajen da aka naɗe kafet aka fitar da kujerun yadi kuwa, ya fi saurin raguwa.

Ke nan da maigidan nan ya kai kyanwar bayan gari ana jibi gwaggo za ta iso, da an yi biyu babu: an zalunci dabba, ita kuma gwaggo ta kwana kan katifar da kyanwa ta shekara tana hawa.

SHIRIN ƊAKIN BAƘI

Daga wata na bakwai, a zaɓi ɗakin da mai zaman jego za ta kwana, da ɗakin da mai jego za ta zauna da jariri tana karɓar 'yan barka. Waɗannan ɗakuna biyu su zama haramtattu ga kyanwa, dare da rana. Sa'annan a yi waɗannan abubuwa:

1. A naɗe kafet a fitar. Siminti, tayil ko ledar ɗaki sun fi, domin ana iya goge su da ruwa. In ana son shimfiɗa, a sa tabarmar roba.

2. A sauke labule, a cire zanen gado, rigar filo, bargo da darduma, a wanke da ruwan zafi da sabulu.

3. A fitar da katifa tsakar gida a kakkaɓe sosai, a rufe ta da leda mai kauri kafin a shimfiɗa zane. In da hali a tanadi sabon filo domin baƙuwa.

4. A daina share ɗakin da busasshiyar tsintsiya, domin tana tayar da ƙurar sama ne kawai. A riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, har da bango, bayan ƙofa, saman kabad da fikafikan fanka.

5. A riƙa buɗe taga iska ta ratsa, amma a sa raga don kada kyanwa ta shigo ta nan. In ƙurar hunturu ta yi yawa, a rufe har ta lafa.

6. Wanda ya ɗauki kyanwa ya wanke hannu, ya sauya riga kafin ya shiga ɗakin. Yara su ne suka fi karya wannan doka, sai an riƙa tuna musu.

Wannan aiki ba na mai tsohon ciki ba ne. Maigida, ƙanne da manyan yara su ɗauke mata ɗaga katifa da hawa kujera, ita ta zauna ta ba da umarni.

Mu kuma yi wa kyanwa adalci: ba kullum ce mai laifi ba. Ɗakin mai jego a garin nan ba ya rabuwa da turaren wuta, ga kaskon garwashi lokacin sanyi, ga maganin sauro na kunnawa, ga turarukan 'yan barka. Kowane ɗaya daga cikinsu yana iya tayar da asma, kuma hayaƙin ba ya yi wa jariri kyau. A turara ɗaki lokacin da babu kowa ciki, a bari hayaƙin ya fita. Garwashi kuwa kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki ko kaɗan, domin iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba.

HAƘƘIN KYANWA

Hana kyanwa ɗakuna biyu ba ya nufin a jefa ta kurkuku. Malamanmu suna yawan tuna mana hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, na matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Mun kuma san sahabin da aka yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa. Duk wanda ya tsare dabba, cinta da shanta da lafiyarta sun hau kansa.

Kyanwa dabba ce mai son wurin da ta saba da shi. Sauyi na farat ɗaya yana firgita ta, shi ya sa ake fara koya mata tun da wuri. A ware mata wani wuri nata, ko ɗakin ajiya, ko wani shago da ba a amfani da shi, nesa da ɗakin baƙi. A tanadar mata:

Wurin kwana da ɓuya. Kwali da tsohon zanen da ta saba kwanciya a kai ya isa. In an ɗora shi a bisa tebur ko kanta ya fi, domin kyanwa ta fi samun natsuwa in tana sama tana hango ƙasa.

Ruwa mai tsabta kullum, da inuwa da iska. Kun san zafin Sakkwato a watannin Maris, Afrilu da Mayu, yakan wuce digiri 40. Kulle kyanwa a ɗakin kwano marar taga a irin wannan lokaci yana iya kashe ta.

Abinci a kan lokaci. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo zalla ba ya riƙe ta. A ba ta dafaffen nama, kifin da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai. Kada a ba ta ɗanyen nama. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, madara kuma takan sa manyan kyanwoyi da yawa zawo.

Wurin ba-haya. Tsohon baho da yashi, a ajiye nesa da kwanon abincinta, a kwashe kullum.

Abin kartawa da abin wasa. Guntun icce ko tsohuwar tabarmar kaba don ta wasa farce, da gashin kaza a ɗaure a bakin kara yara su riƙa ja mata. Minti goma safe da yamma ya wadatar. Wanda ta fi sabo da shi ya riƙa shiga yana zama da ita, yana shafa ta.

Goge jikinta da jiƙaƙƙen tsumma a tsakar gida yana rage gashin da take zubarwa. Wanka kuwa amfaninsa na 'yan kwanaki ne, kuma yawancinsu ba sa so, ana iya ƙarewa da yaƙushi.

Kada a ba kyanwa maganin mutane. Ƙwayar Panadol guda ɗaya tana iya kashe ta. Kada a fesa mata maganin ƙwari, kada a zuba maganin ɓera inda take zagayawa, balle gidan da yara ke rarrafe. In ta daina cin abinci kwana biyu, ko gashinta yana zubewa yana barin tabo zagayayye, wanda ke iya zama makero kuma yana kama mutane, a kai ta wurin likitan dabbobi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a nan Sakkwato. A can ne za a nemi allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗauka, da maganin tsutsar ciki, da fiɗiyar muzuru, wadda ke rage masa yawo da fitsari a bango.

RANAR BARKA DA RANAR SUNA

Ranar suna gida yakan cika tun da asuba, maza a zaure da ƙofar gida, mata a ciki har dare. A irin wannan rana kyanwa da kanta ta fi son a ƙyale ta. A sa ta a wurinta tun daren jajibiri, da ruwa da abinci, a rufe, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin leƙa ta. Hakan zai kare ta daga yara masu jan wutsiya, ya kare yaran daga yaƙushi, ya kuma hana ta kusantar naman suna.

Hausawa sun ce baƙonka Annabinka. Yana daga cikin girmama baƙo a gaya masa gaskiya tun kafin ya taso: akwai kyanwa a gidan, ga shirin da muka yi. Wadda aka san tana da alaji a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida ko rumfa inda iska ke kaɗawa, kada a kai ta kan kujerar kushin. Mai asma ta zo da inhelarta, wato maganin shaƙa, ta ajiye a jaka ko a bakin zane, ba a ƙasan akwati ba. Wadda likita ya rubuta wa maganin alaji irin su loratadin ko setirizin tana iya sha kamar awa ɗaya kafin ta iso. Piriton yana aiki, amma yana sa barci, saboda haka bai dace da mai tuƙa mota ko ɗan kabu-kabu ba, tsofaffi kuma yakan sa su jiri. Mai ciki da mai shayarwa kada su sayi maganin mura mai haɗe-haɗe a kemis, su tambaye mu tukuna. Amma mai ciki da ke da asma kada ta daina shaƙar inhelarta don tsoron cikin. Rashin iska ya fi cutar da ɗan.

IDAN NUMFASHI YA SARƘE

A fitar da mutum daga ɗakin zuwa inda iska take, a zaunar da shi tsaye, kada a kwantar. A ba shi inhelar buɗe ƙirji kamar yadda likita ya koya masa. Kada a yi masa hayaƙi, kada a ɗura masa jiƙo. A garzaya sashen taimakon gaggawa ba tare da jiran wayewar gari ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi;
- ya shaƙi inhela amma babu sauƙi;
- leɓe ko harshe ya sauya launi, ko fuska ta kumbura;
- ya galabaita, ko hankalinsa ya fara gushewa.

In baƙuwa tana da asma mai tsanani, wadda aka taɓa kwantar da ita asibiti a kanta, ta ga likita kafin ta zo. Wani lokaci shawarar da ta dace ita ce ta riƙa wuni tana kwana a gidan 'yan'uwa, ko a nemi wata ta karɓi zaman jegon. Rai ya fi kunya.

MAI CIKI DA KASHIN KYANWA

Yanzu sai maganar maƙwabta, cewa kyanwa tana sa ɓari. Akwai gaskiya a ciki, amma an ƙara mata gishiri. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna toksoplasma, wadda aka gano a shekarar 1908, aka kuma tabbatar a 1970 cewa a cikin hanjin kyanwa take hayayyafa. Kyanwa tana ɗaukar ta ne ta cin ɓera, tsuntsu ko ɗanyen nama, sai ta riƙa fitar da ƙwayayen a kashinta na tsawon mako 1 zuwa 3, galibi sau ɗaya a rayuwarta. Ƙwayayen ba sa iya kama mutum nan take, sai sun yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Wannan shi ne dalilin da ya sa muke cewa a kwashe kashin kullum.

Babban mutum mai lafiya yakan kamu ya warke bai sani ba, ko ya ji kamar ɗan zazzaɓi da kaluluwa. Haɗarin yana ga matar da ta kamu karo na farko tana da ciki, domin cutar tana iya ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan, ta jawo ɓari, ko taruwar ruwa a kai, ko lalurar ido da za ta bayyana bayan shekaru. Haka nan tana da haɗari ga masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau.

Ta baki cutar ke shiga. Shafa bayan kyanwa ba shi ne babbar hanya ba. Naman da bai dahu ba, ƙasa, gurɓataccen ruwa da ganyen da ba a wanke ba sun fi kawo ta, ko da babu kyanwa a gidan. Don haka:

1. Mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa ko mushen ɓera. In babu kowa, ta sa safar hannu ta roba ko leda, ta wanke hannu da sabulu.

2. Nama ya dahu har ciki. Tsire ko balangun da aka yanka aka ga ja a tsakiya, a mayar da shi wuta.

3. A wanke hannu, wuƙa da faranti bayan yanka ɗanyen nama.

4. Latas, kabeji, karas da tumatir na fadama, irin waɗanda ake kawowa daga Kwalkwalawa da sauran bakin gulbi, a wanke su sosai da ruwa mai tsabta.

5. A tafasa ruwan rijiya da madarar akuya kafin a sha.

6. Masu kwaɗayin cin ƙasa ko farar ƙasa su daina, su gaya mana a wurin awo, domin sau da yawa alamar ƙarancin jini ce.

7. Kada a karɓo sabuwar 'yar kyanwa ko ta titi lokacin goyon ciki. Ƙanana sun fi fitar da ƙwayayen.

Kada mu manta kuma da abin da kyanwa ke kora. Ɓera yana yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda ke da tsanani ƙwarai ga mai ciki a watanni ukun ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida, tare da rufe hatsi da abinci a mazubi mai murfi da kai shara nesa.

IDAN JARIRI YA ISO

Kyanwa tana son ɗumi, tana iya hawa ta kwanta a jikin jariri ta toshe masa numfashi ba da nufin cuta ba. Kada a bar su su biyu a ɗaki ko na minti ɗaya. A riƙa sakin gidan sauro ana cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a rufe ƙofa. Duk wanda zai ɗauki jariri ko ya taɓa cibiyarsa ya wanke hannu. In kyanwa ta ciji wani ko ta yaƙushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a zo asibiti a ranar. Idan kuma yaro ya taso da yawan tari cikin dare, ƙarar ƙirji ko ƙurajen ƙaiƙayi, a kawo shi wurin likitan yara a bincika kafin a yanke wa kyanwa hukunci.

Ita dai baiwar Allah ta Ƙofar Taramniya ta koma gida da wannan bayani a rubuce, ta ba maigidanta. Na sake ganin ta ranar da ta kawo jaririyarta rigakafin mako shida. Ta ce gwaggo ta zo, an kai ta ɗakin da aka wata biyu ana gogewa. Ta yi atishawa ranar suna da turare ya yi yawa, sau ɗaya kuma ta nemi inhelarta cikin dare, amma ta yi arba'in ɗinta cif. Mussa tana ɗakin hatsi, da yamma yara su fito da ita bayan gida ta sha iska. Har gwaggo ta tafi ba su shirya ba, amma kowa ya kwana lafiya.

Duk mai tambaya a kan wannan ko wani abin da ya shafi cikinta, ta same mu ranar awonta, kada ta ji nauyi. Allah Ya raba ku da cikin nan lafiya, Ya raya abin da za a haifa, amin.